Kantin Kintinkiri a Fort-de-France

Shekara goma sha bakwai ina koyar da Faransanci a wata makarantar sakandare a Damagaram, kuma kowace shekara sai na ba 'yan ajin ƙarshe labari ɗaya, yadda malaminmu ya ba mu shi. A watan Afrilu na 1941 wani sha'irin Faransa, André Breton, jagoran tafiyar adabin da ake kira suriyalizim, yana gudun mulkin 'yan koren Hitila, jirgin ruwa ya sauke shi a tsibirin Martinik, can yankin Karibiyan. Wata rana ya shiga kantin kayan ɗinki a birnin Fort-de-France zai saya wa 'yarsa kintinkiri, sai idonsa ya faɗa kan wata 'yar mujalla mai suna Tropiques. Ya buɗe, ya karanta, ya ce a nemo masa masu ita. Haka, in ji darasin, Breton ya gano Aimé Césaire, babban sha'irin tsibirin. Yara su kwafa, ranar jarrabawa su amayar mini, in ba su maki.

Kantin nan na tafi nema a watan Nuwamba na 2022. Taron malamai ne ya kai ni Faransa, ga kuma wani tsohon abokin karatuna ɗan Martinik da ya shekara ashirin yana mini gori, wai ina cin abinci da sunan Césaire alhali ban taɓa taka ƙasarsa ba. Mamaki ya fara tun daga takardu: bizar da ke shigar da mutum Paris ba ta shigar da shi Martinik, ga shi kuwa Martinik Faransa ce, Yuro suke kashewa, 'yan majalisarsu na zaune a Paris. Daga filin jirgin Orly awa takwas da rabi muka yi a sama, teku ƙasa, teku gaba. Filin da muka sauka sunan Césaire aka sa masa tun 2007, yana da rai. Na baro gida hunturu ya fara busa leɓe, na fito daga jirgi iska ta rungume ni jiƙe sharkaf kamar zanen da aka tsamo daga wanki. Daren farko ban runtsa ba. Wasu 'yan mitsitsin kwaɗi ke fito tun magariba har asuba, na yi ta neman na'urar da aka manta a kunne.

Da safe abokina ya sauke ni a dandalin La Savane ya wuce aiki. Gurbin gunkin Joséphine, matar Napoleon, 'yar masu bayi a tsibirin, ya zama wayam: an fille kansa a 1991, ya shekara kusan talatin a tsaye ba kai, a 2020 matasa suka kayar da sauran. Daga can na kutsa cikin titunan tsohon gari, ƙanana, a miƙe kamar layin gona. Kantunan atamfarsu mai ratsi-ratsi, wadda suke kira madaras, suna nan birjik. Na shiga uku ina tambayar kantin 'yar'uwar René Ménil, abokin aikin Césaire a mujallar. Wata mai kanti ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Dudu, in kintinkiri kake so ga shi nan kala-kala, in kuma tarihi ne, ga ɗakin karatu can."

Na bi shawararta. Ɗakin karatu na Schoelcher gini ne na ƙarfe da gilas mai ado kamar akwatin lefe, a Paris aka ƙera shi, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka ɗoro a jirgin ruwa aka sake haɗawa a nan. Na roƙi Tropiques, aka kawo mini kundin da aka sake bugawa a 1978, fitowa 14 daga 1941 zuwa 1945 a haɗe. Na zauna ƙarƙashin fanka har la'asar ta kusa kubce mini.

Ga wanda bai san kan zancen ba: abin da ake kira suriyalizim ya tashi ne a Paris bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Samarin da suka ga yadda wayewar Turai da ƙididdigarta suka tura miliyoyin mutane mutuwa cikin ramuka suka ce in wannan ne hankali, a ba su mafarki. Breton kansa ya yi aiki a asibitin sojojin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. A 1924 ya fitar da sanarwar tafiyar tasu: a saki alƙalami ya gudu ba tare da hankali ya tsaya gadi ba, a haɗa abu biyu da ba su taɓa gaisawa ba a ga wutar da za ta tashi. In da malamin zaure zan yi wa bayani, sai in ce masa mutane ne da suka gaji da zahiri suka shiga haƙilon baɗini. Sun tsoma baki a siyasa ma. Sun goyi bayan mayaƙan Rif na Maroko a 1925, kuma a 1931, da Faransa ta shirya gagarumin baje kolin ƙasashen da ta mallaka, sun raba takarda suna cewa kada kowa ya je. Sai dai a cikin shekarar nan ɗin Breton da abokinsa Éluard suka yi gwanjon gumakan Afirka da na tsibiran Pasifik da suka tara. Ba a rasa nono a ruga.

Abin da ya tsaya mini a wuya a ɗakin karatun shi ne lissafin shekaru. A 1932 ɗalibai takwas 'yan Martinik a Paris, cikinsu har da Étienne Léro da Jules Monnerot da René Ménil, suka buga wata mujalla, Légitime Défense, fitowa ɗaya tak. A ciki suka ce sun bi Karl Markus na gurguzu, sun bi suriyalizim, suka yi kaca-kaca da iyayensu masu kwat da laktaye da ke rubuta waƙa irin ta Turawa don kada a gane launin mai rubutun. Akwai waƙoƙin wata budurwa, Simone Yoyotte, a ciki. Shekara tara ke nan kafin Breton ya buƙaci kintinkiri. Ménil ɗin nan shi ne ya dawo gida ya kafa Tropiques tare da Césaire da matarsa Suzanne, kuma kantin da mujallar ke ajiye na 'yar'uwarsa ne. Doguwar waƙar Césaire ta komawa ƙasar haihuwa kuwa ta riga ta fito a wata mujallar Paris tun 1939. Baƙo ya tarar da tuwo a kwano, da zafinsa, aka ce shi ya tuƙa. Ni kuma shekara goma sha bakwai ina ba da maki a kan haka.

A gidan mahaifiyar abokina nake kwana, a kan tudu bayan gari. Shekarunta 88, kuma tun ranar farko ta fahimci ba na cin alade, ba na shan giyar rakensu, sai ta ɗaura aniyar cika ni da ƙosan kifi da miyar kuɓewa. Da na ce mata mujallar zamanin yaƙi na je karantawa, ta ajiye ludayi ta ce, "An tan Robè." Wato zamanin Robert, kwamandan jiragen ruwa Georges Robert, wanda gwamnatin Vichy, ta 'yan koren Hitilan nan, ta bar wa tsibirin. Jiragen Amurka da Ingila sun tare teku, tsibirin da ya saba shuka rake ya sayo abinci daga waje ya wayi gari ba gari, ba gishiri, ba sabulu.

"Ɗana, ruwan teku muke dafawa mu sami gishiri," in ji ta. "Takalmi kuwa na tayar mota."

Na ce, "Mama, wannan takalmin har gobe ana yanka shi a kasuwarmu."

Ta yi dariya har da share ido. Ta ce rogo da 'ya'yan itacen burodi ne suka riƙe su, samari kuma suna sulalewa da dare a kwalekwale zuwa Dominika da Santa Lusiya su shiga rundunar De Gaulle. Frantz Fanon, wanda daga baya ya zama sanannen marubuci mai adawa da mulkin mallaka, a lokacin ɗalibi a makarantar Schoelcher inda Césaire ke koyarwa, yana cikin waɗanda suka yi wannan tsallaken a 1943.

Cikin wannan yunwa aka yi Tropiques, kuma kowace fitowa sai ta bi ta hannun mai tace labarai, wanda takardar bugun ma a hannunsa take. A nan na gane amfanin da duhun magana ya yi musu. A Paris ana iya ninke takarda a gidan shan kofi, wannan ya zana kai, wancan ya zana ciki, a buɗe a yi dariya. A Fort-de-France, waƙar da ta cika da duwatsu masu aman wuta da macizai da rana mai yankakken wuya zambo ce cikin aminci: ɗalibai sun san da wa ake, jami'in soja yana jin ƙaiƙayi bai ga ƙwaron ba. Shekara biyu suka yi suna wuce shi. A watan Mayu na 1943 ya farga, ya hana takarda, ya rubuto cewa mujallar ta juyin juya hali ce, ta wariyar launi, ta ɓangaranci. Amsar da suka mayar masa, wadda ake cewa Suzanne ce ta tsara ta, ba ta nemi afuwa ba. Suka karɓi zagin ɗaya bayan ɗaya, suka ce in wariya ce, to tasu irin ta Toussaint Louverture ce, jagoran tawayen bayi a Haiti, da ta baƙaƙen sha'irai Claude McKay da Langston Hughes, kishiyar ta Hitila. Bayan wata biyu Robert ya bar tsibirin.

Daren nan, da aka gama cin abinci, Mama ta ɗaga murya ta ce, "Ye kirik!" Jikokinta suka amsa, "Ye karak!" Tsigar jikina ta tashi, don ga ta nan ga ta nanku ce, ta zo mu ji ta. Gwanin tatsuniyarsu zomo ne, Kompe Lapen, maƙaryaci, mayunwaci, kullum yana damfarar damisa, Gizo sak ba Ƙoƙi. A fitowa ta huɗu ta Tropiques, ta Janairun 1942, Césaire da Ménil sun yi rubutu kan waɗannan tatsuniyoyi, suka lura cewa kusan dukkansu zancen ciki ne, mutanen da aka hana ƙoshi suna mafarkin tukunya. Na rama wa yaran da kacici-kacici: Baba na ɗaka, gemunsa na waje. Suka yi ta fama, har na ce musu wuta da hayaƙi. Abokina ya ce da Breton ya ji wannan da ya sa shi a sanarwarsa.

Ba ina cewa kakata 'yar suriyalizim ba ce. Ita ba ta taɓa rabuwa da abin ba balle ta nemi hanyar komawa. Matsalar tamu ce, 'yan lakwal. A ajinmu na firamare akwai wani ƙashi da ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, shi ma sai ya yi farautar wani ya rataya masa. Abokina ya ce haka aka yi musu da Kiriyol, harshen gida. Yaron da aka yi wa wannan horo, ya haddace tsoffin marubutan Faransa irin su Racine da Corneille, ya koyi jin kunyar bakin uwarsa, yana buƙatar abin da zai fasa masa ƙofar da aka kulle a cikin kansa. Césaire ya faɗa wa sha'irin Haiti René Depestre a wata hira a Habana a 1967 cewa suriyalizim ya zame masa hanyar nutsewa cikin kansa, kuma da ya kai ƙasa, Afirka ya tarar.

Ranar Asabar muka hau hanyar La Trace zuwa dajin Absalon, inda Césaire da Suzanne suka kai baƙinsu yawo a 1941. A kan hanya akwai wata coci a Balata da aka kwaikwayo daga babbar cocin Montmartre ta Paris, an ƙanƙanta ta an dasa a tsakiyar kurmi, kai ka ce mafarki ne. Daga nan daji ya rufe. Ni ɗan Sahel ne, na saba in hango mai zuwa tun yana ɗigo a nesa. A nan taku biyar ba ka ganin na gabanka. Ganyen da a tunanina bai wuce gwiwa ba ya zama bishiya, saiwoyi na saukowa daga sama, itace na tsiro a kan itace, furanni ja kamar an yanka rago. Abokina ya ce in riƙa kallon inda nake taka ƙafa saboda kububuwarsu mai kai kamar mashi. Ruwa ya sauko sau uku cikin awa biyu, takalmina na zuwa Juma'a ya gama yawo.

Cikin kurmin na tuna Wifredo Lam, mai zane ɗan Kiyuba, wanda ya zo jirgi ɗaya da Breton aka kuma tsare su a sansani ɗaya a ƙetaren gaɓa. Ubansa ɗan Sin ne, uwarsa jinin Afirka da Sifen, uwar goyonsa kuma, Mantonica Wilson, babba ce a bautar orisha, wato iskokin Yarabawan Kiyuba. Ya shekara goma sha takwas a Turai, Picasso ya ja shi a jiki, amma sai da ya koma gida ya yi zanen da aka fi saninsa da shi, na kurmi, a 1943, wanda ke New York yanzu. A littafi kawai na taɓa ganinsa: ƙafafu da ɗuwawu da fuskoki kamar na dodo sun cakuɗe da karan rake, ba ka sanin inda mutum ya ƙare inda shuka ta fara, ga almakashi a sama. Daga baya ya yi ta zana mace mai kan doki. Masana a Turai sun sha tawada a kan wannan, alhali a Kiyuba wanda orisha ya hau doki ake ce masa. Duk wanda ya tashi a unguwar da ake kaɗa garaya ya san abin da 'yan bori ke kira doki da goɗiya. Na faɗa wa abokina, ya tsaya cak cikin ruwan sama yana kallona.

Ofishin Césaire na nan a tsohon ginin magajin gari, an mayar da shi wurin ziyara: teburinsa, littattafansa, hotuna, sassaƙe-sassaƙe. Shekara 56 yana magajin garin nan, daga 1945 zuwa 2001, ya rasu a 2008 yana da shekara 94. A bakin ƙofa muka yi musu da abokina, musun da ya bi mu har gida. Shi yana ganin Césaire ya ci amanar waƙarsa: mutumin da ya kwatanta mulkin mallaka da aikin Hitila shi ne kuma ya gabatar da dokar 1946 da ta mayar da Martinik yankin Faransa. Ya nuna mini farashin madara da shinkafa a kanti, sun fi na Paris. Ya kawo zancen kulodekon, maganin ƙwarin da aka yi ta zuba wa gonakin ayaba daga 1972 zuwa 1993, wanda yanzu ke cikin jinin fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen tsibirin. Ya ƙara da cewa duk waƙoƙin nan ba ko ɗaya da Kiriyol.

Na ce masa, "Kai dai ba ka taɓa jiran albashi wata uku ba." Mu da muka karɓi tuta a 1960 mun san abin da ta ba mu da abin da ba ta ba mu ba, kuma wanda ya ga zamanin Robert ya ga yara ba takalmi, ba zan yi saurin zarginsa ba don ya nemo musu asibiti da fansho. Amma maganar harshe ta soke ni, don ni ma da Faransanci nake cin tuwo. Breton ya yabi Césaire da cewa ga baƙar fata yana sarrafa Faransanci yadda babu wani Bature a yau da zai iya. Fanon ya ji haushin wannan yabo, kuma da gaskiyarsa. Irin yabon da ake yi wa yaro ne ya iya gaida baƙi.

Guguwar ba ta tsaya a Martinik ba. A ƙarshen 1945 Breton ya yi lacca a Haiti, matasan jaridar La Ruche, su Depestre, suka ɗauki zafi, gwamnati ta rufe jaridar, yajin aiki ya ɓarke, a Janairun 1946 Shugaba Lescot ya faɗi. Can Amurka kuma daga baya aka sami Ted Joans, mai busa ƙaho kuma sha'iri, wanda ke cewa jaz ne addininsa, suriyalizim ne idon da yake kallon duniya da shi, ya kuma yi gida a Tumbutu, nan maƙwabtanmu.

Kwana biyu kafin in taso na shiga ƙaramin jirgin ruwa na minti ashirin zuwa Trois-Îlets, ni kaɗai. A nan aka tsare su Breton, a nan aka haifi Joséphine, kuma a nan, a unguwar maginan tukwane da ake kira Poterie, aka haifi Suzanne Roussi, matar Césaire, a 1915. Maƙala bakwai ta rubuta a Tropiques, kuma a ganina ita ta fi kowa kaifi a mujallar. Ita ta yi wa waƙar 'yan yawon buɗe ido tsirara, waƙar lilo da sukari da furanni, wadda ta kira adabin dudu, wato 'masoyi', kalmar nan da mai kanti ta kira ni da ita. Ita ta rubuta cewa waƙar Martinik ko dai ta zama mai cin naman mutane ko kada ta kasance sam, wato ta haɗiye abin Turai ta narkar da shi ya zama jininta. Maƙalarta ta ƙarshe, a 1945, cewa take kyawun tsibiran nan lulluɓi ne a kan yunwa da tsoro. Breton kuwa, da ya tashi rubutu a kanta, kyawunta ya gani, ya kwatanta ta da harshen wutar da ke tashi a kan giya. Bayan 1945 ba ta ƙara buga komai ba. Ta yi koyarwa, ta raini 'ya'ya shida, aurensu ya mutu, ta rasu a 1966 tana da shekara 50. A cikin shekara goma sha bakwai ɗin nan ban taɓa rubuta sunanta a allo ba.

Poterie jar ƙasa ce, har yanzu ana gasa bulo da tukwane. Na ji mai sayarwa ya kira tukunyar ƙasa kanari, sunan da muke kiran tulu da shi in muna Faransancinmu na Nijar. Na zauna a bakin ruwa na ci ƙosan da Mama ta ƙunsa mini, ina hango Fort-de-France a ƙetare, fara tas a gindin duwatsu, kyakkyawa kamar a kalanda.

Da na koma gari na wuce kantin matar nan na ce ta auna mini kintinkiri mita biyu, ja da rawaya, na 'yata. Na leƙa kan kanta ko akwai abin karantawa. Akwai tallar makarantar koyon tuƙi da katin wani mai gyaran keken ɗinki.

Da na iso Damagaram na miƙa wa yarinyar tsarabarta, na fara ba ta labarin tekun da kintinkirin ya ƙetaro. Ta juya shi, ta duba bakin, ta ce, "Baba, ai irinsa na nan a Kasuwar Dole, wurin masu zare."